Ranar da Wayar Nagoda Ta Mutu

Duk wanda ke kai hula wanki a Tudun Wada ya san Nagoda. Sunansa na yanka Salmanu, amma mahaifiyarsa ta daɗe tana roƙon Allah haihuwa kafin ta same shi, shi ya sa laƙabin ya danne sunan. A wurin kawunsa ya koyi sana'ar tun yana saurayi, kuma har yau da furfura ta fara fito masa a gemu bai taɓa yin wata ba. Rumfarsa tana manne da ƙofar gidan da yake haya, cike da bokitai da buroshi da sitaci, ga kuma jerin guntayen itacen da ake kifa huluna a kai su sha rana. Ni ma a wurinsa nake wanki, gidana yana bayan nasu.

Wankin hula aikin kaɗaici ne, mutum zai wuni a duƙe ba abokin hira. Da wayoyin nan 'yan China suka shigo, masu cin memori da ƙara kamar lasifikar masallaci, Nagoda ya sayi ɗaya. Ya kai ta wurin masu tura waƙa a bakin kasuwa suka cika masa ita. Da safe karatun Alƙur'ani yake sa wa, da hantsi waƙoƙin bege, in rana ta take sai kiɗan kalangu irin na ƙauyensu, wanda yake cewa shi ke sa buroshi gudu. Da liman ya yi masa magana cewa ƙarar tana shiga har makarantar matan aure, sai ya sayi iyafis, abin sauraro na toshewa a kunne. Tun daga nan, in ba taɓa kafaɗarsa ka yi ba, sallamarka a banza.

Matarsa Atika ta sha yin mita. "Malam, wannan waya ce ko rediyo? Kullum in na neme ka da la'asar a kashe take."

"Wa zai kira ni?" in ji shi. "Masu hula sun san hanya."

'Yarsu ɗaya, Jannatu. Sun haifi biyu kafin ita, duk suka koma tun suna goye. A lokacin da abin nan ya faru ba ta cika shekara huɗu ba.

Wata rana a tsakiyar damina aka yi wa Atika rasuwa a Tudun Jukun. Ba ta so ta shiga cunkoson gidan makoki da yarinya, sai ta zaunar da ita a bakin rumfa da murafan kwalaba tana wasa. Ta ce, "Ga ta nan, Malam, ka sa mata ido." Ya zare iyafis ɗaya, ya gyaɗa kai, ya mayar.

Ranar aiki ya yi masa yawa, hulunan wani ango ne da abokansa. Wuta kuwa tun jiya ba a kawo ba. Bayan azahar hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kifar da huluna, ya shiga kwashe su da gudu yana kaiwa zaure, kalangu na ta tashi a kunnensa. Ruwa ya kece. Yana tsaye a zaure yana karkaɗe hular ƙarshe, kiɗan ya ɗauke ɗif, caji ya ƙare. Ya ce mini daga baya, shirun nan ne ya sa gabansa ya faɗi. Ya waiwaya bakin rumfa, ga murafan kwalaba, babu Jannatu.

Ya shiga ɗaki, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya duba banɗaki. Ya je bakin rijiya ya tarar da murfinta a rufe, duk da haka ya ɗaga ya leƙa. Daga nan ya fito cikin ruwa ba hula ba takalmi yana buga ƙofofin maƙwabta. Muryarsa ce ta fito da ni. Ban taɓa jin Nagoda ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Malam Dalhatu, ko ta shigo wurinku? Jannatu! Ba ku gan ta ba?"

Ba wanda ya gan ta. Ba kuma wanda ya iya cewa ga lokacin da ya gan ta na ƙarshe, har shi uban.

A bakin layinmu akwai wani babban lambatu da ke kwashe ruwan unguwa ya zuba a kwalbati. Da rani yara na tsallake shi. Ranar ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana tafe da ledoji da karan masara. Kowa idonsa na can, amma ba mai son ya fara faɗa. Wata mata mai sayar da ƙosai ce ta sunkuya ta ɗauko wani abu da ya maƙale a jikin dutse, silifa ƙarama, shuɗiya. Nagoda ya karɓa ya juya ta. Igiyar an ɗaure ta da waya ta ƙasa, kuma shi da hannunsa ya ɗaure.

Kafin mu riƙe shi ya faɗa cikin lambatun. Ruwan ya kai masa ƙugu, yana tafe yana lalube da hannu biyu yana kiran sunanta. Da ya kai bakin kwalbati ya nemi ya kutsa ciki, sai da maza suka taru suka ciro shi da ƙarfi. Fasasshiyar kwalba ta tsaga masa tafin ƙafa, jini na bin ruwa, bai ma sani ba.

Na ce masa, "Kira Atika, wataƙila ta dawo ta ɗauke ta ba ka lura ba." Na miƙa masa wayata. Ya riƙe ta yana kallo. Bai haddace lambar matarsa ba, duk lambobinsa suna cikin wayar da ta mutu. Aka ruga shagon mai caji, a rufe. Aka tura mai babur ya ɗauko Atika. Ladan ya kunna lasifika da batir ya yi cigiya: yarinya 'yar shekara uku da wani abu, baƙa, da jar riga da kitso. Jin an siffanta ta haka a lasifika, Nagoda ya zauna daɓas a cikin taɓo. Mutane suka fara ƙus-ƙus, wasu na cewa ruwa, wasu na cewa ai a bana an sha jin labarin satar yara. Wani ya ce ya ga baƙuwar mota a layin da rana. Ban san wanne ya fi muni a zuciyar uban ba.

Atika ta sauka daga babur mayafinta a hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce wa mijinta komai a kan sa ido ba. Ta dubi silifar, ta dube shi, ta ce, "Ina wayarka?"

"Ta mutu."

"To in wani ya tsince ta, wa zai kira? Ku cire layin ku sa a wata wayar mana!"

Duk taron mazan nan ba wanda wannan ya zo wa a rai. Nagoda ya ɓalle bayan wayar, memorin ya zame ya faɗa taɓo bai ko kalle shi ba. Ni na zare layin na sa a tawa. Tana gama kunnuwa kira ya shigo, lamba ce ba suna. Na danna yadda kowa zai ji, na miƙa masa.

Ƙarar ruwa a kan kwano ce ta fara fitowa, sai muryar namiji, a shaƙe. "Nagoda ne? Tun ɗazu nake nemanka. 'Yarka tana hannuna."

Kiran ya katse.

Atika ta dafa bango tana salati. Wani dattijo ya ce a hankali, "Innalillahi, masu satar yaran ne." Nagoda ya ce da wayar da ba kowa a cikinta, "Don Allah, don Annabi, wankin hula nake yi, ba ni da komai." Muka kira, aka ce ana amfani da layin. Muka sake, haka. Ashe shi ma mutumin kira yake ta yi, muna cin karo. Na ce a dakata a bar shi ya kira. Jiran nan bai fi a sha kofin shayi ba, amma na ga mutum ya tsufa a gabana.

Wayar ta sake ƙara.

"Ka ji ni yanzu? Ni ne Yusha'u, Yusha'u mai keke, na gidan kusa da injin markaɗe. Tana nan lafiya lau, ga ta ma."

Sai muka ji ƙaramar murya ta ce, "Baba."

Yusha'u sabon ɗan haya ne a layin, bai daɗe da tarewa ba, lambar Nagoda kaɗai yake da ita saboda hular da yake kai masa. Da azahar ya ajiye keke-napep ɗinsa kusa da rumfa ya shiga salla. Jannatu ta haye, ta shige bayan kujera inda ake sa kaya, ta lulluɓa da tamfal ta yi barci. Shi kuma ya fito ya ja abinsa, nasa kiɗan na tashi, ya yi ta jigila. Sai a Kwangila, da wata fasinja za ta sa buhu a baya, ta ɗaga tamfal ta yi ihu. Ruwa ya tare shi a can, ya fake a wata rumfa yana ta kiran wayar da ke kashe, shi ma a tsorace, kada a gan shi da 'yar mutane a ce sato ta ya yi a rufe shi da duka.

Dab da magariba ya iso da ita, ƙafa ɗaya ba takalmi, tana gaigayar gasasshiyar masara. Atika ta fizge ta ta goya, a nan ne kukan ya zo mata. Nagoda ya yunƙura zai tashi, ƙafar da ta tsage ta ƙi takuwa. Ɗaukarsa muka yi zuwa asibiti aka ɗinke ƙafar, zazzaɓi kuma ya kwantar da shi. Ango da abokansa da ɗanyun huluna suka je ɗaurin aure, da suka ji dalili ba wanda ya yi ƙorafi.

Ƙafar ta warke, sai ɗan ɗingishi da ya rage. Ya koma sana'arsa, waƙa ma ya koma ji bayan wani lokaci, a hankali, wayar na rataye a jikin ƙusa. Tsoron ne bai sake shi ba. Jannatu yanzu tana firamare, ta yi wayo har tana raka ƙananan yara gida. Amma da zarar gari ya haɗa hadari, Nagoda zai bar aiki ko na wane ne, ya ɗingisa har ƙofar makarantarsu ya tsaya. Malaman sun saba da shi, har benci suke ba shi. Kwanan baya na gamu da su a hanya, tana gaba tana kumbure-kumbure, yana biye da jakarta a kafaɗa.

"Baba, ƙawayena dariya suke mini," in ji ta.

Ya ce, "Su yi ta yi. Bi ta nan gefen, can akwai santsi."