Sunan da Muka Ji Ba Daidai Ba

Da hantsi ne, ina shanya a bayan ɗaki, Zulai ta shigo ba sallama. Ban taɓa ganin ta yi haka ba. Ta tsaya kusa da randa, mayafinta a karkace, ta ce, "Malama, Inna ta cika." Na ce na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa. Sannan ta faɗi abin da ya sa ta zo da ƙafarta: ta bi gidajen lungunmu na Nuzla, a nan Jidda, ba ta sami macen da za ta yi wa mahaifiyarta wanka ba. Wata ta ce ba ta da tsarki, wata ta ce maigida ya hana.

Dalilin wannan rubutu ke nan. Inna Maryama ta tafi, bakinmu ba zai ƙara mata ba, ba zai rage mata ba. Amma Zulai tana nan da 'ya'yanta mata, kuma a wurinmu an ce maita a nono ake shanta. Idan aka bar maganar yadda take, da ita za su tsufa.

Duk wanda ya zauna a Nuzla ya san ta da Inna Buɗa. Maginiya ce: tulu, kaskon turare, da jabana ta dafa gahawa. Mijinta, marigayi Malam Idi, Bakano ne da ya taho Hajji da ƙafa, ya daɗe a Matamma, kan iyakar Sudan da Habasha. Can ya aure ta, can ta musulunta, can ta koyi Hausa. An ba ni labari cewa farkon saukarsu Jidda wata maƙwabciya ta tambaye ta yadda ake kiranta a garinsu. Ta ce, "Buda." Mata suka ji "buɗa", suka ce suna ya yi kyau, Allah Ya buɗa mana baki ɗaya. Da yake hannunta a sake yake, ba mai zuwa ɗakinta ya fita haka nan, sai sunan ya zauna. Ta amsa shi har furfura.

Tana da wasu halaye da muka ɗauka kunya ce. Idan ana cin abinci, sai ta juya fuska bango. Ranar suna takan kawo kaskon turare sabo, ta yi barka idonta a ƙasa, ba ta taɓa kallon jariri ba. Idan ka sayi tulu, ba ta miƙa maka hannu da hannu, a ƙasa take ajiyewa ka ɗauka. Na zauna da ita shekaru ban san launin ƙwayar idonta ba. Da na yi mata wasa a kan haka, sai ta ce, "Ido ba ya cin kowa, 'yata. Mai idon ake ci."

Akwai kuma wata Juma'a guda a shekara da take rufe ƙofa, ba ta hura wuta, ba ta taɓa yumɓu. Ranar ba ta bin watanninmu, ita kuma ba ta duba kalanda, amma ba ta taɓa kuskure ta ba. Wata shekara na kai mata kunu a irin wannan rana. Rana tsaka ce, amma ɗakin duhu, ta toshe har ramukan kwano da tsumma. Na same ta a ƙasa, ta ɗora yatsa a baki.

"Kina ji?"

Na kasa kunne. Ba komai sai kiran mai ruwa a lungu, da kukan jirgi can daga tashar teku.

"Sun buga dutsen," in ji ta.

Ranar ta ba ni labari, a hankali, ba hawaye. Ita 'yar Yahudawan Habasha ce. Ubanta maƙeri, uwarta maginiya, don ba a yarda su mallaki gona ba. A ƙasarsu ƙararrawar majami'a dogon dutse ne da ake ratayewa a buga. A wannan Juma'a Kiristoci suke makokin Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Limamin majami'ar garinsu yakan tsaya a ƙofa ya ce kakannin maƙeran nan ne suka ƙera ƙusoshin da aka kafe shi da su, shi ya sa aka la'ance su da ido mai cin mutum, kuma idan duhu ya yi sukan rikiɗa su zama kuraye. Mai irin wannan ido shi ake kira buda. Wata shekara ɗan wani babba ya kwanta ciwo a makon. Da aka fito daga majami'a sai aka nufo unguwarsu. Aka farfasa tukwanen uwarta, aka ƙone maƙera, aka doki ubanta dukan da bai kai damina ba. Ta ce, "Da garmarmu suke noma, a tukunyarmu suke dafawa, kuma mu ne kuraye."

Mu da aka koya mana tun muna riƙe da allo cewa ba a kashe Annabi Isa ba, abin ya ɗaure mana kai. Ko a wurin waɗanda suka yarda an yi, me ya haɗa yarinya mai ɗibar yumɓu da ƙusa? Na ce mata daga yau na daina kiranta da sunan nan. Ta ce in bar shi. "A bakinku da daɗi. A ajami nasu da dal ake rubutawa, naku da ɗa mai hannu. A tsakanin haruffan nan biyu na sami wurin zama." Ta ba ni amanar maganar, na riƙe.

Bara ne wurin zaman ya rushe. Wata Bahabashiya Kirista mai suna Almaz, da ke aikin reno a wani gida wajen Abhur, can arewacin gari, ta zo kasuwa sayen jabana. Ta ɗauki ɗaya, ta dubi zanen wuyanta, ta dubi mai sayarwa, sai ta sake ta ta fashe. Ta yi tofi a ƙirjinta, ta ce, "Buda!" Matanmu suka yi dariya, suka ce ashe har Abhur an san Inna. Almaz ta yi musu bayani da Larabci, har da asalin Inna. Kafin la'asar, Hausa ta samo wa kalmar fassara: mayya.

Abin da ya biyo baya kun san shi, domin ku da mu muka gan shi. Aka fitar da kaskonta daga ɗakuna aka zubar a juji. Jaririn wani gida ya yi zazzaɓi, aka tuna Inna ta wuce ta ƙofar da safe. Aka daina aiko wa 'ya'yan Zulai goron biki. Ga rediyo kullum cike da labarin yaƙi, kowa ya san abin da kalmar Bayahudiya za ta iya yi wa iƙamar mutum, takardarsa ta zama a ƙasar nan. Na yi magana inda na iya, amma muryata ba ta da nisa. Ita kuwa Inna ta ci gaba da harkarta. Tana sallarta, tana gina tulun da ba mai saye.

Da ciwo ya kwantar da ita, Almaz ta dawo. Ina wurin. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ce a gidan aikinta a cikin kalmasar riga take ɓoye gicciyenta, kuma yarinyar da ta rena ta ƙi shan ruwa a kofin da ta sha. Ta ce ranar ta tuna da jabanar da ta saki. Suka yi magana da harshensu, sannan Inna ta koma Larabci don in zama shaida.

"Ke na yafe miki, halas, ya wuce. Ke jifa kika yi. Wanda ya tsaya a ƙofar majami'a yana miƙa muku duwatsun, shi ne bai zo ba."

Almaz ta sunkuyar da kai, ta ce ubanta ma limamin majami'a ne, haka ya koya musu, kuma ya mutu bai san laifi ba ne.

"To wanda ya gaje shi ya janye maganar," in ji Inna. "A ƙofar da aka faɗe ta, da ƙarfin da aka faɗe ta."

Ban san ko za a yi ba. Na dai san su Almaz an yi zamani da zamani ana koya musu, mu kuwa ba wanda ya tsaya a ƙofar masallaci ya koya mana. Yini guda ya ishe mu.

Ni da Zulai muka yi mata wanka. Almaz ba ta da hurumin shiga, sai ta tsaya a waje tana miƙo ruwa. Mata sun taru a tsakar gida, ba mai matsowa. Mai wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani sai alheri, kuma da izinin Zulai nake faɗin wannan. Da na yaye mayafi, idanunta a buɗe suke, suna kallona sosai, karon farko. Launin zuma ne. Na daɗe a tsaye a gabansu, ba abin da ya same ni. A ƙarƙashin furfurarta akwai tsohon tabo, mai faɗin dutsen da yaro zai iya ɗauka. Ban ga komai ba bayan wannan, sai jikin tsohuwa mai tabon sujada.

Hajiya Ladi, wadda jikanta ne ya yi zazzaɓin, ta leƙo ta ce, "Malama, me kika gani?" Na ce, "Yaya, shigo ki gani." Ta yi tsaye har na fid da rai. Sannan ta cire takalmi ta shigo, ta duba, ta sa hannunta ta rufe idanun. Wasu suka biyo ta. Wasu ba su shigo ba, don su nake rubutu.

Da maza suka ɗauki makara, ƙyauren gidan ya cije. Wani daga waje, bai san komai ba, ya ce, "Yalla, a buɗa!" Gidan ya yi tsit. A cikin shirun na ji wata ƙara sau ɗaya, kamar an ƙwanƙwasa dutse daga nesa. Mai yiwuwa daga tashar teku ne. Almaz dai ta toshe kunnuwanta.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Maryama, Ka yafe mata, Ka sanyaya makwancinta, Ka ɗaga idonta ta dubi abin da Ka tanadar mata ba tare da tsoro ba. Ka ba Zulai haƙuri, Ka tsare 'ya'yanta daga harsunanmu, Ka shiryi masu miƙa duwatsu a kowace ƙofa suke. Mun kira ta da suna ba mu san nauyinsa ba. Ka karɓe shi yadda muka fara nufinsa: ƙofar rahamarKa, ya Ubangiji, Ka buɗa mata.