Rabin Leda

Ƙarfe tara da rabi na safe ne, ranar awon yara, muna rumfar likita, wato asibitin garinmu, cikin ƙasar Korgom. Mu biyar ne: ni, da ƙanwata, da ɗiyanta mata tagwaye, sai majo, babban ma'aikacin likitar. Mijin ƙanwata ya tafi biɗar kuɗi Najeriya tun da rani, shi ya sa ni na ɗauko su a moto, wato babur.

Majo ya ɗaura wa babbar zaren awo a damtse, ya tsaya kan tsanwa. Ya ɗaura wa ƙaramar, ya tsaya kan ja, alamar haɗari. Ya ɗora ta a sikeli, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, tun da aka fara ba ta magani ba ta ƙaru ba. Ledojin maganin nan cikinta suke shiga kuwa?"

Na ce cikinta suke shiga, don abin da na sani ke nan. Ƙanwata ta sunkuyar da kai tana gyara goyo.

Bari in koma baya in faɗi abin bi da bi. Ranar da aka haifi yaran nan mahaifiyarmu, Inna, ta kafa doka a gidan, dokar da ita ma ta gada: ba a bambanta ƴan biyu. In an ɗinka riga, biyu za a ɗinka, yadi ɗaya. In baƙo ya miƙa wa ɗaya dabino bai miƙa wa ɗayar ba, Inna za ta bi shi har ƙofar gida. Tana cewa wanda aka tauye cikinsu fushi yake, ya turo kunama, ko ya tattara ya koma inda ya fito. Ni maganar kunama ba ta taɓa shiga kaina ba, amma dokar ta yi mini. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, kuma abin da na fi riƙewa shi ne layukan nan biyu da mushe, malaminmu, yake ja a allo, ɗaya bisa ɗaya, yana cewa egal, wato daidai. Har yau ni ake kira in kasa nama a unguwa, don ba a taɓa kawo ƙarar kasona ba.

Bayan yaye, da damina ta sauka rumbu ya yi ƙasa, zawo ya kama su duka biyu. Babbar ta warware. Ƙaramar ta ci gaba da ramewa, gashinta ya yi ja, ta daina wasa. A likita aka ce tamowa ce, ciwon ƙarancin abinci, aka ba mu maganinta cikin ƴan ledoji, wani abu mai kama da tunkuza amma mai zaƙi. Majo ya faɗa da bakinsa cewa nata ne ita kaɗai.

To, ranar da ya yi mini waccan tambaya, da muka dawo ban wuce gona ba. Na jingine moto, na shiga gidan ƙanwata na zauna, na ce sai na ga an ba ta. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta zaunar da yaran, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta ciro leda guda, ta kwance reza daga bakin zanenta, ta auna da yatsa, ta yanke ta tsakiya cif. Ni kaina da nake taƙama da kaso ba zan yanka fiye da haka ba.

Na ce, "Inna, mi ke nan?"

Ta ce, "Idonka ya mutu ne? Abinci nake ba jikokina."

"Magani ne, Inna. Na ƙaramar ne."

"Maganin da yaro ke lashe yatsa? Kai dai lakwal ta cuce ka. In ba wagga, waccan na kallo? Ciki ɗaya suka kwanta, ni zan raba su?"

Na dubi ƙanwata. Ta ce, "Yaya, na faɗa mata. Ta ce in na hana babbar, ita ce za ta yi fushi ta tafi, in rasa duka biyun." Sai ta fashe da kuka.

Tsohuwar nan ba mugunta take ba. Daga tuwon darenta take ragewa ta ajiye musu ɗumame. Kuma na san gardama da ita ba ta kai mutum ko'ina. Na tashi na je gidan mai ƙuli-ƙuli na sayo tunkuza, na haɗa da sukari. Na wanke wata tsohuwar leda, na ɗura, na kawo. Na ce ga ta babbar, ga ta ƙaramar, kowa da tata cikakkiya.

Inna ta juya ledar, ta sansana, ta ce, "Kana tsammanin ba su sani ba? Ƴan biyu ne fa." Amma ta miƙa wa babbar, babbar ta shanye tana dariya. Daga ranar ba a ƙara yanka leda a gidan ba.

Sai dai mun makara. Ƙaramar ta kai inda ko an sa mata a baki ba ta haɗiyewa. Ƙafafunta suka kumbura. Majo ya tura mu Tasawa, aka kwantar da ita, aka yi iyakar ƙoƙari. Can Allah ya karɓi abinsa, tana kan cinyar uwarta. A moton da na kai su na dawo da ita naɗe cikin zane.

Inna ba ta yi kuka gaban mutane ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Da salla ta matso ta je kasuwa ta dawo da ƙunshi. Ta kwance shi a tsakar gida muna zaune, sai ga ƴan takalman roba ja, ƙafa biyu, iri ɗaya. Ta tsaya tana kallonsu. Ta ɗauki ƙafa ɗaya ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar. Bayan rasuwar Inna mun same su cikin kwallarta, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba.

Babbar tana nan, bana ta shiga lakwal. Wata rana za ta dawo da layukan nan biyu a allonta, kuma ban san me zan ce mata a kansu ba.

Kai mai karanta wannan, in akwai ƴan biyu a gidanku ko maƙwabta, aka ba ɗaya maganin tamowa, kada ka tsaya ga tambaya. Je ka zauna ka ga an ba shi da idonka. Kada ka yi wa tsohuwa faɗa. Ka tafi da tunkuza da sukari tun ranar farko, ka cika wa ɗayan tasa ledar.