Bugu Hamsin a Minti

Kawuna, ƙanen Inna, mai gyaran agogo ne, amma a layinmu Barewa ake ce masa, saboda ya shekara goma sha takwas yana shiga gasar gudun dogon zango. Kullum da safe yakan zauna a bakin gado, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, idonsa a kan agogo. Bugu hamsin a minti. Sai ya ce mini, "Kin gani? Zuciyar nan ba ta san gaggawa ba."

Karin kumallonsa ba ya canzawa: rumman guda, yankan kankana, ɗanyar tafarnuwa, ganyen alayyafo. Mai horar da su ne ya ce masa irin waɗannan suna sa jijiyoyin jini su saki, jini ya wuce ba takura. Inna takan toshe hanci ta ce, "Dole ka zo na ɗaya. Wa zai bi bayanka da wannan warin?"

Yana da shekara arba'in da uku aka auna su kafin wata gasa. Likita ta ce jininsa ya hau sosai. Ta ce kada ya bar rumman da tafarnuwar, suna taimakawa, amma nasa na gado ne, ba za su iya su kaɗai ba. Ta rubuta masa magani, ta kuma gaya masa bugun zuciya daban, hawan jini daban.

Ya sha na kwana huɗu, ya ce yana sa shi jiri in yana gudu.

Ya ce wa Inna, "Yaya, mai bugu hamsin ne za a ce yana da hawan jini?"

"Ni ban san hamsin ba," in ji Inna. "Na dai san yadda Baba ya yanke jiki ya faɗi."

Ya yi dariya, ya ce zai ci gaba da sha. Rumman ɗin kuma ya mai da shi biyu.

Bayan wata biyar ya faɗi a shago, gilashin aiki na maƙale a idonsa. Ɓarin dama ya shanye. Da na je kwashe kayansa, na tarar da ƙwayoyin maganin a cikin gwangwanin da yake zuba batiran agogo, bai ƙara taɓa su ba.

Yanzu ni nake ɓare masa rumman. Da safe sai ya miƙo mini hannun hagu in ƙirga masa, don na dama ba ya ɗaguwa.

"Nawa?" Maganar da ƙyar take fita.

"Hamsin da biyu, Kawu."

Yakan daɗe yana kallon takalman gudunsa a bayan ƙofa, kafin ya buɗe baki in sa masa maganin.