Kunnuwa Shida na Kawu Garba

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar Kawu Garba Kafinta na Isa, kuma kafin in faɗi alherinsa bari in fara da laifina, don na gaji da ɗaukarsa. Ni ne na gasa fara da itacensa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ƙofofi da bencina yake yi don tuwo, jita mai aiki da lantarki kuma yake sassaƙawa don ransa. A Maraɗi ya kwaso ciwon tun yana saurayi, bai warke ba har ya koma ga Allah. Ƙarƙashin tsirkiyoyin irin wannan jita akwai wani ɗan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke jin motsin tsirkiya ya kai wa lasifika. Masu bayani a waya fikof suke ce masa. Kawu kunne yake cewa, kuma da hannunsa yake naɗa nasa, da wayar da yake warwarowa daga matattun rediyo.

Guda shida ya bari a gwangwanin madara. Kowanne ya ɗaure shi da zare tare da guntun itacen da ya naɗa shi dominsa: wannan maɗaci, wannan ƙirya, wancan dogon yaro. Littafinsa ke nan. Mutumin da ke rubuta ajami kamar zane, amma bai ga dama ya rubuta kalma ɗaya a kan abin da ya fi so ba! Ina shekara goma sha ɗaya lokacin. Bayan sadakar bakwai na kwance zaren, na yi ta jawo ƙusoshi daga yashi da maganaɗisun, guntayen itacen kuwa na haɗa wutar gasa fara da su. Ƙiryar ta fi ci. Na mayar da kunnuwan gwangwani tsirara, na rufe, na rufe bakina.

Kawu ya yi imani kowane itace da muryarsa. Sai ya ƙwanƙwasa katako da ƙashin yatsa, ya kafa shi a muƙamuƙinsa, ya lumshe ido kamar mai ciwon haƙori. Maɗaci, in ji shi, dattijo ne mai babbar murya, in ka ba shi kunne mai kauri sai kiɗan ya zama kunu, don haka siririn kunne mai naɗi ɗaya yake ba shi. Ƙirya kuwa mai tsiwa ce, ita ake bai wa tagwaye, wato naɗi biyu a jere, su kwantar mata da hankali. Sannan ya tambayi mai jitar abin da zai buga: ɗan tsinke-tsinken nan na arewa da ke bin yatsa ɗaya ɗaya, ko kiɗan biki da za a yi kokawa da kalangu. Wani ɗan Sabon Birni ya taɓa zuwa ya ce a sa masa wanda ya fi ƙara. Kawu ya nuna masa jakin maƙwabta ya ce ga shi can.

Akwai kuma yadda yake tsayuwa. Bai taɓa fuskantar jama'a sosai ba, kullum a karkace, kafaɗa ga mutane, ido a ƙasa. Gari duka ya yanke hukuncin kunya ce, wai ɗan gidan malamai ne da ya ɗauki jita. Har ana yaba masa.

Da zai leƙo yau, ban san da wa zai fara faɗa ba. Ɗansa, taubashina Yaya Habibu, ya gaji shagon da yatsun, amma kunnensa na cikin waya. Duk wanda ya yi gemu ya zauna gaban jita ashirin a bidiyo, malaminsa ne. Wannan ya ce itace ne komai, wancan ya ce itace ba komai ba ne, Habibu ya gyaɗa wa kowa kai. Biki ma ya canza. Yanzu kafin La'asar an watse, kowa na son ya kai gida da rana, kuma yawancin masu biki waƙar waya suke jonawa a lasifika su huta.

Bana aka sa ranar Hajara, autar Kawu, da wani malamin makaranta na Turba, zaɓinta. A bayan shago akwai gangar jikin wata jita ta maɗaci da Kawu ya gama gogewa bai sa mata kunne ba. Tun Hajara na ƙarama ya ce mata da ita zai raka ta ɗakinta. Abu ɗaya ta roƙa a bikin nan: a ƙarasa jitar, ta ji muryar babanta. Saura kwana tara Habibu ya buɗe gwangwani.

"Mudi, ina itacen da Baba ya ɗaure ma kunnuwan ga?"

Na ce ƙila gara ce.

"Gara ta kwance zare ta naɗe shi gefe guda? Gara mai hankali!"

Na faɗi gaskiya. Ya dube ni har na ji tsawona na raguwa. Inna Asabe, matar Kawu, tana tankaɗe a ƙofa, ta ce, "To farar ta yi daɗi dai?" Wannan ya fi mari zafi.

Kwana shida muka yi muna ɗaurawa muna kwancewa. Na sha hayaƙin dalma har na fara jin ɗanɗanonta a tuwo. Na farko ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Na biyu kamar mai magana daga cikin rijiya. Habibu ya nace wa wani tagwaye, don gemun cikin waya ya ce shi ne ba ya ɗaukar gurnanin janareta. Gaskiya ne, shiru kake ji, tsaf. Muka kira Hajara. Ta saurara da lalle a hannu, ta ce, "Yaya, da daɗi. Amma ba Baba ba ne." Ta juya. Na so ƙasa ta tsage in shiga, in ja gwangwanin in rufe.

Saura ɗaya da muke ta tsallakewa, siriri, mummuna, an naɗe shi da tsumman atamfa. Muka ɗaura. Muryar ta fito garau, kowace tsirkiya da bakinta, maɗacin na riƙe ta daga ƙasa. Amma da janaretan mai walda na kusa ya tashi, sai lasifika ta kama gurnani kamar amyar ƙudan zuma. Habibu ya yi tsaki, ya juya zai kashe ta, jitar na rataye a wuyansa. Gurnanin ya ragu. Ya juyo, ya dawo. Ya sake karkacewa a hankali, yana neman inda zai mutu, har ya samu. Ga shi tsaye, kafaɗa gare mu, ido a ƙasa yana saurare.

Inna Asabe ta ajiye rariya.

"Haka yake tsayawa," ta ce. Can kuma ta ce, "Shekara ashirin da huɗu ina cewa kunyata yake ji. Ashe gurnanin inji yake gudu, ja'irin mutum!" Tana dariya, tana share ido da gefen zane.

Abin da ke ba ni haushi har yanzu, da ya buɗe baki sau ɗaya ya faɗa, da an huta. Amma Kawu bai iya bayani ba, sai dai ya ɗaure abu da abin da ya dace da shi, ya bar ka ka gano. Ban san ko wannan kunnen ne ya ɗaure da maɗaci ba, kuma ba mai sani, na cinye shaidar da gishiri da yaji. Abin da na sani, Habibu ya fara kafa katako a muƙamuƙi in yana zaton ba mai kallonsa, ni kuma za ni koyi naɗi, ko don in biya farar nan. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta da surutunmu.

Ranar biki Habibu ya buga waƙa uku a karkace, dangin ango na ta cewa yaron akwai kunya. Hajara ta ce wannan karon Baba ne. Ana cikin ta huɗu man janareta ya ƙare, aka ƙarasa da kalangu. Sauran kunnuwa biyar suna nan cikin gwangwani, an ɗora shi kan katanga inda hannuna ba ya kai.