Motar da Ba Ta Shiga Rairayi

Bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya, kuma ta girmi babban ɗana nesa ba kusa ba. Daga hannun mahaifina na gaje ta, da ita da tarin jama'ar da suka saba hawanta. A bazarar da nake magana, a hanyar Korahane ta tsaya mini, farin hayaƙi yana tuƙuƙi daga gabanta, ga ni ga buhunan mutane ga wata akuya da har yau ban san mai ita ba. Amalanken shanu ne ya jawo mu zuwa cikin Dakoro da rana tsaka, kowa yana kallo. Na ji kunya ba kaɗan ba. Amma gaskiya ita ce, ƙarƙashin kunyar nan akwai wani daɗi da nake ji, don a raina cewa nake yi, to, yau dai ta ƙare, kowa ya huta.

Mai garajin da muke kai ta taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda haka ba ya buɗe mini baki sai da tsiya. Ya leƙa ciki, ya shinshina, ya goge hannu a wando.

"Mushe," ya ce, don haka ake kirana saboda koyarwar da nake yi a lakwal, wato makarantar boko, "kai ko jaki aka ba ka sai ka ƙona mishi inji."

"Bar surutu. Ta tashi aiki ko?"

"Wa ya gaya maka? Wagga ai sai ta binne ni da kai. A sauke injin, a aiko da kaya daga Maraɗi, ta miƙe. Tari dai ba za ta daina ba, tsufa ne. In kuma ka gaji da ita, akwai masu saye su farfasa, kai kuma ka nemi wata."

Raina ya ɓaci da amsar nan. So na yi ya ce ba ta gyaruwa, in samu wanda zan jingina wa laifi.

Wanda bai taɓa riƙe bashe a gari irin namu ba, ba zai gane ba. Mota ba taka ba ce, kai dai direba ne marar albashi. Suna a Ɗan Gulbi, a zo. Gadon amarya da kwanoninta, a zo. An casa gero a gona, a zo. Ina cikin aji ina fama da yara sai a leƙo ta taga a ce ana sallama da ni, in fita in tarar da mutumin da ban taɓa gani ba, ya ce shi surukin ƙanen wane ne, raƙuminsa ya karye, ko za a taimaka. Raƙumi fa! Ba wanda ya taɓa tambaya ko da esansi, wato fetur, a ciki. In na ce ba ni da lokaci, kafin magariba maganar ta zagaye unguwa cewa ɗan marigayi bai ɗauko halin ubansa ba.

Tun kafin ta lalace na riga na ga wata a Maraɗi. Ƙarama, ruwan toka, da kilim mai hura iska mai sanyi, cikinta ya kusa shafar ƙasa. Mai sayarwa mutum ne mai tsoron Allah, da ya ji daga Dakoro nake sai ya ce, "Sai dai fa ka sani, wannan ba ta shiga rairayi. Daga gudron sai gudron, titin kwalta kawai." Shi a ganinsa aibinta ya faɗa mini. Bai san abin da ya sa na ƙara son ta ke nan ba. Mota da ba ta barin gudron, ba ta da bayan da za a ɗora buhu, wa zai zo aronta? Uwargida kuwa da na ba ta labari har guɗa ta so yi. Ban ga laifinta ba, mace ce da ta sha zuwa biki da sabon leshi ɗan akuya yana tauna mata gefen mayafi.

Duk wannan da sauƙi, in da ba don Baffa ba.

Baffa ba jininmu ba ne. Bafillace ne daga wajen Azagor, abokin mahaifina tun suna samari. A wata shekara ta fari mahaifina ya rasa komai, gona ba ta ba da ko abin shuka ba, sai Baffa ya ɗaure masa karsana, abin da suke kira habbanaye. Aro ne irin nasu: a ba ka saniya ka riƙe, ba ka sayarwa, ba ka yankawa, ta yi ta haihuwa a hannunka, ƴaƴan su zama naka, uwar ka mayar wa mai ita. Mahaifina ya riƙe, ya mayar da uwar lafiya, ƴaƴan suka yaɗu. Da bijiman cikinsu da ɗan abin da ya samu a fataucin gero ya sayi bashen nan. Shi ya sa Baffa bai taɓa kiranta mota ba, jikar saniyata yake cewa. Duk bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare shanu suka fara nuna haƙarƙari, mahaifina yakan loda dusa da gishiri ya kai masa ruga. Da ya rasu sai na ci gaba. In matar Baffa ta kwanta ciwo, ni ke zuwa in ɗauko ta zuwa likita. Hanyar kuwa rairayi ne zalla, sai ka rage iskar taya, ka kafe, ka tona, ka yi addu'a, ka sake kafewa.

Na san abin da ƙaramar motar nan take nufi ga Baffa. Ban manta da shi ba, ina sane. Na dai riƙa lallashin kaina cewa ai akwai motocin kasuwa, akwai babura, ga waya ko'ina, duniya ta canza. In na faɗa wa kaina haka sai abinci ya ƙi shiga.

Ranar kasuwa na taso daga lakwal da azahar, na tarar da Baffa zaune a inuwar bishiyar bedin ƙofar gidana, malfarsa a gwiwa, sandarsa a gefe. Kusa da shi wata jar karsana tana tsaye, igiya a wuyanta, tana lasar hanci. Ƙafafunsa na fara gani. Sun yi fari fat, dugadugan sun tsage, ɗaya har da busasshen jini. Da ƙafa ya zo, a hanya ya kwana, don karsana ba ta hawa babur.

Na durƙusa na gaishe shi. Muka yi ta gaisuwa, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, na tambayi mutanen ruga da shanu. Uwargida ta kawo ruwa da fura, ta gaishe shi, ta kalli karsanar, ta kalle ni, ta koma ciki.

Sai da ya sha ya yi hamdala sannan ya ce, "Ɗana, na ji jikar saniyata ta kwanta."

"Ta kwanta, Baffa."

"To, riƙe wagga. Daga tsatson wadda na ɗaure wa ubanka take, ka ga jan ai. Baɗi in Allah ya so ta ɗauki ciki. In ta haihu namiji, ka bari ya yi ƙwari, ka kai shi kasuwa, ka tada motarka. Haka ubanka ya yi."

Na kusa yin dariya. Karsanar da ko ciki ba ta ɗauka ba, sai ta haihu, sai ɗan ya girma, a lokacin ai tsatsa ta cinye motar har sitiyari. Amma shi haka yake lissafin komai, da haihuwar shanu, kuma lissafin bai taɓa ba shi kunya ba. Dariyar ba ta fito ba. Na san abin da ya rage masa. Garken da a da sai ka hau tudu kafin ka ga ƙarshensa, yanzu kallo ɗaya ya ishe ka. Cikin ɗan abin nan ya zaɓi mai kyan ya jawo mini, ni da nake zaune ina ƙulla yadda zan daina zuwa wurinsa.

Zan iya yin shiru in karɓa in yi godiya. Na kasa.

"Baffa," na ce, "motar tana gyaruwa. Ba rashin hali ba ne. Ni ne na gaji. Wata nike so in saya, ƙarama, ta cikin gari."

"To madalla."

"Ba ta shiga rairayi, Baffa. Ba za ta kai ruga ba."

Ya ɗauki malfarsa ya juya ta a hannu, ya kori ƙuda daga bakin ƙwaryar fura. Na jira faɗa, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi.

"Irin mai sanyin nan a ciki?" ya tambaya.

"Ita."

"Ka kyauta wa kanka. Ubanka ya sha rana a waccan, kai ma ka sha. Mutum ai yana gajiya."

"To ka koma da karsanarka, don Allah. Ban cancanta ba."

Nan ne kawai na ga ransa ya ɓaci. Ya ɗago ya dube ni sosai. "Mi ka ce? Ba don ƙarfe na kawo ta ba, kai na kawo wa. Kana so a ce a ruga na ɗaure wa ɗan abokina habbanaye ya maido mini a rana ɗaya? Kada in sake ji."

Da la'asar ya ce zai koma, shanu ba su da mai duba su sosai. Na roƙe shi ya kwana, ya ƙi. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: ba ni da abin da zan mayar da shi gida. Na raka shi tasha, muka samu wata kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa arewa, an yi mata lodi har ya wuce kanta, mutane sun hau kan buhuna. Wasu suka miƙo hannu daga sama, wasu suka tura daga ƙasa, aka ja tsohon nan kamar buhun gero. Takalminsa ɗaya ya faɗo, na ɗauka na miƙa masa. Mutumin da tun ina yaro ban taɓa ganinsa a mota ba sai a gidan gaba, gwiwar hannu a taga. Ya samu wuri tsakanin wani tulin tabarmi da bidon mai, ya riƙe malfarsa da hannu ɗaya, ya ɗaga mini ɗayan. Na tsaya a wurin har motar ta ɓace.

Da na koma gida na tarar uwargida ta sa an shigar da karsanar, ta zuba mata dusa a tsohon kwano. Ba ta dube ni ba ta ce, "Mushe, ka je ka ce a gyara ta."

"Ke fa? Kilim ɗinki fa?"

"Ni na wanke ƙwaryar da ya sha fura, na ga ƙafafunshi. In shiga sanyi in zauna ina tuna su? A'a. Amma ka ji da kyau, akuya ta sake shigo mini gidan gaba, sai dai ka zaɓa, ko ni ko ita."

Ita ma na zalunce ta, na sani. Na kwaɗaita mata abu na janye.

Washegari na je garaji. Taubashina ya yi mini dariya har da riƙe ciki, ya ce da ma ya san ba ni da zuciyar rabuwa da ita. Na bar shi a haka. Abin da na tanada don ƙaramar ya shige cikin tsohuwar, ta miƙe kamar yadda ya ce, da tarinta da komai. Masu sallama ta taga suka dawo. Kada wani ya ɗauka na zama mutumin kirki: har gobe in ƙaramar mota ta wuce ni a gudron, gilasanta a rufe, sai na bi ta da ido, in ji haushin kowa har da kaina. Ba don zuciyata ta so na gyara ba, karsana ce ta tsaya mini a ƙofa.

Kafin ruwan farko ya sauka na loda dusa da gishiri na nufi Azagor. Na kafe a hanya, na tona, na isa jiƙe da gumi. A bakin rijiya na same su, ana shayar da dabbobi, mutane da yawa. Baffa ya taso da sandarsa, ya zagaya motar, ya shafa gabanta kamar yadda yake shafa wuyan saniya. Sannan ya juya ga jama'ar, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kun ga ɗan abokina? A gari an yi ta zuga shi ya sayar da ita ya sayi ta ƴan gayu. Ya ce shi har abada, abin da ba zai kai shi wurin Baffanshi ba, ba ya hawa."

Aka yi ta sa mini albarka. Wani tsoho ya kama hannuna da hannu biyu, wata mata ta ce Allah ya ba ni masu yi mini. Na dubi Baffa, shi kuwa ya mai da ido kan shanunsa. Ba wanda ya zuga ni, kuma ya sani, ni na gaya masa da bakina a ƙofar gidana. Na hau bayan motar na sunkuya ina kwance igiyar buhuna. Ƙullin ba mai wuya ba ne, amma na daɗe a kansa.