Duwatsun da Suka Hana Ni Madara

Wata Laraba ce, a daminar da na shiga aji uku, gero ya fara fid da kai, sai ga farar mota a bakin makarantarmu a Illela. Ma'aikatan lafiya ne, da sikeli da gwangwanayen madarar gari. Kafin a buga ƙararrawa labari ya zaga: wanda ya fi nauyi shi ke da madara! Wa ya faɗa? Oho. Amma duk muka yarda, don a lokacin ƙiba ita ce shaidar gidan wadata. Kakata kullum cewa take, "Yaro mai kumatu, uwarsa ta iya goyo."

Ni kuwa Tsinke ake ce mini. Ina ƙiba za ta zauna? Da asuba in ja ruwa a rijiya, in an tashi makaranta in kai wa Baba fura gona, can hanyar Amarawa, in dawo in yi surfe, sannan gaɗa har magariba. Sai na zaga bayan aji na tsinci duwatsu, na ƙulle a ɗankwali, na ɗaura a ƙugu ƙarƙashin riga. Na hau sikelin cike da ɗoki. Malamar asibitin ta dubi allurar sikelin, ta dube ni.

"Ke 'yar nan, mi kic ci yau?"

"Tuwo, Malama."

"Madalla. Wuce."

Na sauka ina tsalle. Da aka gama awo, sai aka kira waɗanda nauyinsu ya gaza, su aka raba wa madarar! Ƙawata Hajo, 'yar Fulani, wadda ramarmu ɗaya, ta samu gwangwani guda. Na zazzage duwatsuna gabanta ina kuka. Ta yi dariya har da faɗuwa, sannan ta ja ni gindin dalbejiya muka yi ta lasa da yatsa.

Yau ga ɗiyata Nana, shekararta tara, babur ke kai ta makaranta, jakarta cike da biskit da lemun kwalba. Watan jiya likita ya ce nauyinta ya wuce kima, mu kula tun kafin ciwon suga. A rediyo ma na ji cewa irin wannan ƙibar sai yaɗuwa take tsakanin yaran Afirka. Yanzu kowace yamma ni da ita muke takawa har gidan ƙanwata, tana haki, ina jira ta huta. Ashe abin da muka yi ta roƙo muna yara, shi muke tsoro ga 'ya'yanmu.