Sifilin Madam Paulina

Shekara ashirin da shida Paulina Luke ta yi tana buga tafireta a sakatariya, har yatsunta suka san haruffa kamar yadda ƙafa ta san hanyar rijiya. Abin da oga ya rubuta shi take bugawa, ko da ta ga kuskure ƙuru-ƙuru. Da ta yi ritaya ba ta koma ƙauye noman acca ba. Ta zauna ta koyi rubuta wa kwamfuta umarni, wata makarantar kuɗi a unguwar Ɗan Iya ta ɗauke ta koyarwa.

Ɗakin koyarwar nata ƙarami ne, kwamfuta shida, biyu matattu. Mai makarantar, Alhaji Ɗanlarai, ya daɗe yana son mai da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Ya ce in ɗalibanta suka faɗi a zagayen farko na gasar bana, to ta kawo makulli.

Gasar kuwa yaƙin mutum-mutumi ce a fuskar kwamfuta, huɗu da huɗu, kowace ɗaliba da nata. Mutum-mutumi bai san fuska ba, lamba yake dubawa. Wasan ya ba nasu sifili zuwa uku, na abokan gaba huɗu zuwa bakwai, domin na'ura daga sifili take fara ƙirga. Wanda ke cikin jerin 'yan gida a ƙyale shi, saura a harbe.

Sifili ya faɗa kan Yasmin, autar Alhaji.

Ana gobe gasa Alhaji ya shigo, takardar jerin a hannunsa.

"Madam, 'yar tawa ce sifili?"

"Ranka ya daɗe, a wurin na'ura sifili shi ne na fari."

"A garinku ke nan. Ni a kasuwar Muda Lawal na tashi, ban taɓa jin mai awo ya ce mudu sifili ba. A mai da ita ɗaya."

Ta yi bayani sau biyu. Ya tsaya a kanta yana jan carbi. Sai tsofaffin yatsun nan suka yi abin da suka saba: jerin 'yan gida ya koma ɗaya zuwa huɗu. Lambobin da wasan ya raba kuwa suna nan yadda suke.

Washegari, ana buɗe fage, mutum-mutumi uku na 'yan gida suka juya kan na Yasmin suka yi masa kaca-kaca, don sifili ya fita daga dangi. Lamba huɗu ta abokan gaba kuma ta shiga tsakaninsu kamar suruki a gidan biki, tana kashe su ɗaya bayan ɗaya, ba mai ce mata kanzil. Minti biyu aka gama.

"Da ma na faɗa," in ji Alhaji, yana gyara babbar riga, "aikin nan ba na tsofaffi ba ne."

Paulina ta sunkuyar da kai. Ba shi ta kalla ba, hannuwanta ta kalla.

Ranar Litinin aka fara shigar da kujerun. Ta miƙa makulli, ta je famfo ta wanke yatsunta da sabulu har sau uku. Ta sansana su, ta sake ɗaukar sabulun.